Akwatunan Farfesa Heo

Morris Heights, Bronx
4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Malam Yacouba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa a Dogondutsi. Yaya ciwon bayan? Yaya maƙera?

Baba, ka tambayi wanda nake jinya yanzu. Wani tsoho ne ɗan Koriya, Farfesa Heo, idonsa ya kusa tafiya. Shekara talatin ke nan yana rubuta littafi a kan Gaya. Na ce masa ai na san Gaya, can ƙanwar Inna take aure. Ya yi dariya har da tari. Tasa Gayar wasu garuruwan bakin kogi ne a ƙasarsu, waɗanda suka haɗa kai a zamanin da, suna narka tama, jiragen ruwa na kai ƙarfensu har Japan. Da ya ji ni 'yar maƙeri ce, sai ya tsare ni da tambayar zugazugi har abincinsa ya huce.

Da hannu ya rubuta littafin, da harshensu, ya cika akwatunan kwali shida. Ni nake jera masa shafukan, tunda lambobin kaɗai nake iya karantawa.

Ka gaida Inna.
'Yarka, Rahina

19 ga Yuni

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa damina ta sauka lafiya.

Farfesa ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Babi ɗaya ya rage masa, na rushewar Gaya. Ya sha ba ni labarin: garuruwan ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba, sai maƙwabciyarsu Silla ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe a shekarar 562. Abin da ke cin ransa shi ne ba a sami tarihin da suka rubuta da hannunsu ba, sai abin da wasu suka faɗa a kansu.

A asibiti ya riƙe hannuna, da ƙyar ya ce in kula masa da akwatunan. Na yi alkawari. Ɗansa Daniel ya zo daga Texas. Yana da kirki, amma ba ya karanta harshen uban.

Ka sa shi a addu'a.
Rahina

8 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

An kai Farfesa gidan tsofaffi, ni kuma kamfanin jinyar da nake wa aiki ya tura ni unguwar Flatbush. Ɗakin da muke zaune ni da ƙawata Adjoa ƙarami ne, sai na riƙa cewa sati mai zuwa zan kwaso akwatunan. Ran Asabar na je gidan Farfesa, na tarar har an yi masa fenti. Daniel ya mai da makulli ga masu gidan, ya sa masu kwasar kaya sun share komai. Mai kula da ginin ya ce tun ran Alhamis motar shara ta tafi da su. Babu kwafi ko ɗaya. Na buga wa Daniel waya, ya ce ya ɗauka tsofaffin takardun ɗalibai ne. Ya yi ta kuka, ni kuwa kukan ma ya ƙi zuwa.

Jiya na je duba tsohon. Bakinsa a karkace ya tambaye ni akwatunan. Baba, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba, amma ni na dube shi na ce suna ƙarƙashin gadona. Ya lumshe ido, ya ce ya samo yadda zai rufe babin, in kawo masa akwati na shida da biro ranar Lahadi.

Yau Juma'a. Kafin takardar nan ta iske ka, na riga na tsaya a gabansa, kuma ban san abin da zan ce masa ba.

Ka roƙa mini gafarar Allah.
'Yarka, Rahina