Ƙullutun da Yaya Ya Ɓoye

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti? Allah Ya taimaka.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Maganar ce ba ta faɗuwa da baki. Wani abokin aikina a gidan burodi ya ce in tambaye ki, tunda ke ma'aikaciyar jinya ce. Wata biyar ke nan yana jin wani ƙullutu a ƙirjinsa na hagu, daidai ƙarƙashin kan nono. Ba ya ciwo, amma yana da tauri, kuma kan nonon ya fara shigewa ciki. Kwanan nan wani ruwa-ruwa mai jini yakan ɓata masa singileti. Ya je kyamis sau biyu an ba shi maganin maruru, bai yi ba. Shin akwai wani man shafawa da za ki rubuto masa? Mutum ne mai iyali, ba ya son maganar ta fita.

Ki gaida kowa. Naki,
Yaya

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, yara suna gaida Kawunsu.

Yaya, shekara talatin da takwas na san ka. Ban taɓa ganin ka damu da singiletin wani ba, naka ma sai Anti ta yi da gaske kake canjawa. Ka gaya wa abokin naka, in ka haɗu da shi a madubi, cewa babu man shafawa. Ya je babban asibiti cikin makon nan, ya ce a kai shi sashen masu ciwon mama. Za su duba, su ɗauki hoto, wataƙila su ɗebi ɗan nama su auna. Maza ma suna da mama, ƙanana ne kawai, kuma sankara tana kama su, duk da ba ta cika yawa ba. Ban ce ita ce ba. Na ce wata biyar ya yi yawa.

Anti ta sani?

Taka,
Auta

Auta,

Na gaishe ki. Da na karanta takardarki sai da na zauna a kan buhun fulawa, kunya kamar ƙasa ta tsage. To, ni ne. Ki yafe mini ƙaryar.

Antinki ba ta sani ba. Singiletina ni nake wankewa yanzu a famfon bayan gidan burodi. A gaban tanda kowa tuɓe riga yake saboda zafi, ni kaɗai nake fama da riga mai kauri, gumi har cikin takalmi. Mai kwaɓa fulawarmu ya ce ko amarya nake shirin yi nake ɓoye jiki. Na yi dariya tare da su.

Na je asibitin ranar Litinin. Aka nuna mini wata doguwar baranda mai benci uku, mata cike, wasu da goyo. Na tsaya jikin bango da katina a aljihu. Wata dattijuwa ta matsa ta ba ni wuri, tana yaba mini wai ba kowane namiji ke rako matarsa ba. Na amsa da Allah Ya ba da lafiya. Can ma'aikaciyar ta leƙo ta kira sunana da ƙarfi, har sau uku. Matan suka shiga waige-waige. Auta, ni ma na waiga tare da su, kamar ina neman mai sunan. Da ta koma ciki na sulale na fita.

Ina da 'ya'ya biyar, babbar ta kusa gama makaranta. Da wane baki zan ce musu ubansu na ciwon nono? Ki bar ni zuwa bayan damina, wataƙila ya baje da kansa.

Naki,
Yaya

Yaya,

Gaisuwa. Wannan karon ba wasa a takardata.

Akwai abin da na riƙe shekara goma sha ɗaya. Kowa a gida ya san ciwon ƙirji ne ya yi ajalin Baba. Ni na yi jinyarsa lokacin kana can wajen aiki, ni nake wanke masa gyambon. A nononsa na dama yake. Shekara biyu yana ɗaure shi da tsumma a ƙarƙashin babbar riga, ko Inna bai bari ta gani ba sai da wari ya tona. Da muka kai shi, likita ya ce ya riga ya bazu har ƙashi. Baba ya riƙe hannuna ya ce kada 'ya'yansa maza su ji. Na yi masa alkawari, yau na karya, Allah Ya yafe mini. Likitan nan ya ce da a watannin farko ya zo, da akwai abin yi sosai.

Abu na biyu: Anti ta kira ni tun kafin takardarka ta farko ta iso. Ta ga jinin a zanen gado. Tana kuka, ta ce ka daina cire riga a gabanta, kana juya mata baya, ba ta san ko laifi ta yi maka ba. Na ce ta ba ka lokaci ka faɗa da kanka. Lokacin ya ƙare, Yaya. Ba zan sake wanke irin wancan gyambon a jikin wani nawa ba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Kwana biyu na yi da takardarki a aljihu, ina tuna yadda Baba yake zama a karkace, mu kuma muna cewa tsufa ne.

Ranar Laraba da safe, bayan yara sun tafi makaranta, na samu Antinki tana shanya. Sai kawai na ɗaga riga. Ta duba, ta taɓa da yatsa biyu, ta sauke mini rigar da kanta. Ta ce, "Wata shida ina zargin kaina, ashe wannan ne. Ɗauko katin."

Muka koma barandar nan. Da aka kira sunana ita ta fara miƙewa, ta ce, "Ga shi nan," ta tsaya sai da na tashi. Ban ɗaga kai ba har muka shiga. Likitar mace ce, kaɗan ta girmi babbar 'yata. Ta duba har hammata ba tare da ko ɗaga gira ba, ta ce ni ne namiji na uku da ta gani a bana.

Sakamako ya fito jiya. Ita ce, sankara. Amma hoton bai nuna ta wuce hammata ba. Za su cire nonon, sannan a ga maganin da zai biyo baya. Ta ce tunda Baba ma ya yi, ya kamata 'yan'uwa da yara su sani, maza da mata. Wannan ya fi mini tiyatar nauyi. Su 'yan'uwanmu maza ni zan gaya musu, kada ki riga ni.

Ranar sha huɗu ga wata za a yi tiyatar. Ki zo in da hali.

Naki,
Yaya

Auta,

Gaisuwa a gaggauce, direban motar da zan ba takardar yana jira.

Na je awon jini na kafin tiyata. A barandar nan, a ƙarshen benci, na ga wani mutum da hular gadi, ya kai shekara sittin, yana ta kallon takalminsa. Aka kira wani suna sau biyu, ba wanda ya motsa, sai wuyansa da ya ƙage. Na tashi na zauna kusa da shi. Na ce, "Malam, nawa na hagu ne."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce nasa na dama.

Na raka shi har bakin ƙofa.

Sai kin zo,
Yaya