Shaidar Baba Jumare

Da sunan Allah. Daga Zahara'u a Kebbe zuwa ga yayana Ɗangiwa a Tambuwal. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, ruɗewar Baba ta wuce yadda ka bar shi. Yanzu duk wanda ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya ba shi saniya. Jar saniyar nan ma wani baƙo ya kora ta, ko sunansa ba mu sani ba. Gonar fadama kuwa mutum biyu ya ba, kowanne na shirin kai garma. Fura da nono kaɗai yake iya ci, kuma shanun tatsa biyu suka rage. In suka tafi, da me zan ciyar da shi? Ka ba ni shawara. Wassalam.

Daga Ɗangiwa zuwa ga ƙanwata Zahara'u. Aminci da yarda.

Bayan haka, na tambayi malamai. Sun ce kyautar mai hankali, in an karɓa, ta zauna. Mafita ɗaya ce: a kai shi gaban alƙalin Kebbe, shaidu biyu su tabbatar hankalinsa ya gushe. Sai a soke kyautar fadama, a hana shi taɓa dukiyarsa, a naɗa waliyyi mai ci da shi da tufatar da shi daga cikinta. Ki nemi a naɗa kawu Maccido, tunda yana kusa. Ni rini ya riƙe ni, ba zan samu zuwa ba. Haza wassalam.

Daga Zahara'u zuwa ga Yaya. Gaisuwa.

Rini! Tun bara zane ɗaya kake tsomawa a ruwan shuni? Ka san abin da kake sa ni? Baba Jumare, wanda duk auren da aka ɗaura da duk gonar da aka raba a garin nan shi ake kira shaida, ba a taɓa mayar da maganarsa ba. Shi zan ja a hannu zuwa zauren nan, a ce da shi ba ya da hankali yana ji? Na yi kuka har na gode Allah. Amma jiya na tarar da shi yana kwance saniya zai miƙa wa mai tallan gishiri. Zan kai shi. Wassalam.

Daga Ɗangiwa zuwa ga Zahara'u. Aminci.

Ba rini ba ne. Zuwana na ƙarshe Baba ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Zuciyata ba ta iya ɗaukar hakan karo na biyu. Ki yafe mini. Wassalam.

Daga Zahara'u zuwa ga Yaya. Gaisuwa.

An gama. Da na ce da Baba alƙali na kira, ya ɗauka shaida zai bayar. Ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani da kansa, yana tafe yana murna. Alƙali, Allah ya saka masa, bai kunyata shi ba. Shaidu ya ji su a keɓe, sannan ya ce, "Baba, akwai wani dattijo da ya manta ɗiya nai, shina rabar da abin da za shi ci. Mi ka gani?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Wayyo. A riƙe mai dukiya tai, amma kar a faɗa mai, zai ji ciwo."

Kowa a zauren ya kawar da fuska. Aka naɗa kawu Maccido, fadama ta dawo.

A hanya Baba ya tsaya ya ce da ni, "Baiwar Allah, wanga dattijo shina da ɗiya?" Na ce yana da 'ya'ya biyu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ba shi wulaƙanta."

Ka zo, Yaya, ko da bai gane ka ba. Wassalam.