Kafaɗa Ya Koma Aji

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai jego da sabon angon naki da ya ƙwace mini ke wata guda ke nan. Ki faɗa masa aro na ba shi. Ni ma lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da kika sani.

Na ƙi faɗa miki maganar nan a waya ne don na san surukinmu yana kusa, kuma wayarki ba ta da sirri. An kawo mota sitonmu, ta ɗaga kaya. 'Yar guntuwa ce mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba, ba ta shan mai, caji ake yi mata a bango kamar waya. Abin da mu goma sha biyu muke saukewa daga safe zuwa azahar, ta sauke shi kafin shayin Manaja ya huce. Ya tara mu ya ce mutum uku za su riƙa tuƙa ta, huɗu su zauna jera kaya. Da aka tambaye shi sauran fa, sai ya dubi takalminsa. Wanda zai hau ta sai ya ci jarrabawa, shi ya sa kamfani ya ɗauko malama tana koya mana kimiyya duk Asabar da safe a ɗakin cin abinci.

Malamar ba ta kai 'yarmu shekaru ba, amma ranar farko ta kusa kashe ni da baƙin ciki. Ta ce a kimiyya, aiki shi ne ka sa ƙarfi a kan abu har ya gusa, in bai gusa ba to ba a yi aiki ba. Na ɗaga hannu na tambaye ta: ranar da na tsaya da buhun siminti a kafaɗa minti ashirin ina jiran mai sito ya nemo makulli, wannan me sunansa? Ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka gaji dai, amma ba ka yi wa buhun aiki ba."

Ki ji fa. Shekara ashirin da bakwai ina dako har sunana ya ɓace aka koma ce mini Kafaɗa, yau an wayi gari rabin abin da na yi ba aiki ba ne. Abokina Dogo ya yi ta dariya har ya zame daga benci. Malama ko a jikinta, ta nuna shi ta ce ga misali nan, ƙasa tana jan kowane abu zuwa gare ta. Wannan kam na yarda da shi.

Na so in daina zuwa, amma na tuna takalmin Manaja. Ki sa ni a addu'a, kuma kada ki faɗa wa yara babansu ya koma aji.

Naki,
Kafaɗa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce yaron ya fara murmushi, ko da yake ban ga abin dariya ba ga mutumin da ya raba ni da mai dafa mini abinci. Ya jikin mai jego?

Zan faɗa miki wani abu, amma ki zauna tukuna.

Makon jiya mun yi lantarki. Malama ta ce wuta matafiyiya ce, dole ta fita daga batir, ta bi waya, ta ratsa ƙwan fitila, ta komo gida. In hanya ta yanke ko'ina, ta tsaya ke nan. Ta ba kowa ɗan ƙwai kamar ƙwayar wake ta ce mu nemo batir da waya a gida mu kunna shi. Batir na samu a agogon bango. Waya ce ta gagara, har idona ya faɗa kan dutsen gugarki. Igiyarsa doguwa ce, na ce taƙi ɗaya ba zai rage ta da komai ba.

Wallahi ƙwan ya kama. Na zauna a bakin gado ina taɓa waya ya kawo, in ɗauke ya mutu, ya fi sau talatin. Tunda nake ban taɓa kunna haske da hannuna ba sai dai in danna abin da wani ya haɗa. Daɗi ya hau mini kai, na ce tunda na gane wuta, bari in mayar da igiyar gugar yadda take. Na murɗe wayoyin duka wuri ɗaya, na naɗe da leda, na soka a bango.

Ƙarar da ta tashi, na zaci ƙofa aka harba. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke, har shagon mai aski na bakin ƙofa. Abin da ban sani ba, mai gidan hayarmu yana kan kujera a lokacin, an yi masa rabin kai. Haka ya hawo sama da tawul a wuya, gefe ɗaya tas, gefe ɗaya daji, yana bi ɗaki ɗaki yana shinshina. Ƙauri ya kawo shi namu. Na so in ba shi haƙuri, amma duk gefen da ya juyo mini sai in rasa inda zan ajiye idona. Sai la'asar mai gyaran wuta ya zo, mai gidan kuwa yini ya yi da hula a cikin zafin nan.

Da na ba Malama labari ta riƙe kai. Ta ce wayoyin nan biyu ba a haɗa su, na yi wa wuta gajeriyar hanya ne ta kwararo gaba ɗaya, kuma abin da ya tsinke a akwatin wutar gidan don haka aka yi shi, ya mutu don kada gida ya ƙone. Ta sa na yi alkawari a gaban aji cewa daga batir ɗin agogo ba zan ƙara gaba ba.

Dutsen gugarki yana wurin mai gyara. Ya ce akwai rai.

Naki mai neman afuwa,
Kafaɗa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan duka. Saƙonki ya iso ta bakin direban motar haya da kika aiko, kuma bai rage ko kalma ɗaya ba, a gaban mutane ya faɗa. Na karɓi laifina.

Kwanakin nan ban ji daɗi ba. An yi mana gwaji na rubutu, na zo na tara cikin goma sha biyu. Hannuna ya saba da igiya, biro zamewa yake yi. Ga gardama da ba ta bar ni ba: da aka zo kan haske na dage cewa ido ne yake haska abu ya gan shi. Malama ta ce haske ne yake faɗa wa abu ya dawo cikin ido, ta tura ni ɗakin ajiye tsintsiya ta rufe ƙofa, ta ce in haska da idona in karanto mata abin da ke bango. Sandar goge ƙasa ce ta fara gaishe ni a goshi.

Gaskiya tsoro nake ji. Ba na son ki dawo ki same ni zaune a gida, kuma ko an bar ni a jera kaya, bayan nan ba zai ƙara shekara biyu ba. Ban taɓa faɗa miki ba, amma akwai safiyar da sai na dafa bango nake miƙewa.

To amma jiya wani abu ya faru. Mun zo aji muka tarar an sauke wani ƙaton akwatin injin dab da ƙofar ɗakin cin abinci, ƙofa ba ta buɗuwa, mai makullin motar kuma ba ya zuwa Asabar. Malama da samari uku suka sa kafaɗa suna turawa, suka yi gumi sharkaf, akwati ko gezau. Na bari ta huta, sannan na ce mata cikin ladabi, "Malama, sannu da gajiya. Sai dai ba ki yi aiki ba." Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Na ɗauko dogon bututun ƙarfe da guntun katako. Na sa katakon kusa da akwatin, na cusa bakin bututun a ƙarƙashi, na koma can ƙarshe na danna da hannu ɗaya. Akwati ya ɗaga. Dogo ya tura ƙananan bututu uku a ƙasa, muka gangara da shi kamar keken jariri. Malama ta tambaye ni me ya sa na matso da katakon kusa da kaya, na ce ai kowa ya sani, in ya yi nisa kai za ka sha wuya. Ta ce wannan shi ne darasin yau gaba ɗaya, shafi huɗu ne a littafinta, kuma motar ɗaga kaya a kan wannan dabarar aka gina ta. Ta miƙo mini alli. Ni na koyar da aji jiya, uwar 'ya'yana, da bututu a hannu. Dogo ya ce mini Malam Kafaɗa, na ce ya fita waje.

Jarrabawa ranar Laraba ce.

Naki,
Kafaɗa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da 'yarmu da maigidanta da abokin takarata. Ina fatan kowa lafiya.

An yi jarrabawa. Ta rubutu na tsallake da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da buhu a ka. Sai injiniyan da ya kawo motar ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ni ya tambaye ni me ya sa bayanta ya fi gabanta nauyi. Kalmomin littafi suka gudu suka bar ni. Na ce masa, ranka ya daɗe, in ka ɗauki bokiti cike a hannun dama, ai hagu kake karkata, in ba haka ba ku tafi tare. Ita ma ƙafafunta na gaba su ne katakon, kaya a gaba, nauyinta a baya. In ka ɗora kaya a bakin ƙahonin sai ta dungura, dole ka rungumo shi jikinta yadda ɗan dako yake rungumar buhu. Ya dube ni, ya rubuta wani abu mai tsawo.

Da aka zo tuƙi, na ɗauki kaya lafiya, na ajiye lafiya. Wajen ja da baya ne na ɗan taɓa tukunyar furen Manaja. Furen dama ba shi da lafiya.

Jiya aka liƙa sunaye. Ni ne na uku. Dogo yana cikin masu jera kaya, shi zai riƙa tsayawa a gabana yana yi mini alama da hannu, ya ce zai rama korar da na yi masa. Mutum biyar sun tafi. Mun raka su bakin ƙofa, kuma Malama ta ce za ta ci gaba da koya musu ranar Asabar don su gwada wani wurin.

Yau da safe na hau ta a karon farko a matsayin aikina. Na ja ɗan ƙarfe da yatsu biyu, buhu arba'in suka tashi sama suka zauna a kan kanta ta ƙarshe, bayana bai ce uffan ba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Samari suka taru suna kallona, na ce musu hayaƙin mota ne ya shiga idona. Dogo ya ce, da ƙarfi yadda har Manaja ya ji daga ofis, "Kafaɗa, motar lantarki ce, ba ta hayaƙi."

Yanzu kina iya faɗa wa yara. Ki kuma faɗa wa angon naki wa'adinsa ya cika, ranar Juma'a zan zo tasha in tarye ki.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Kafaɗa, direba