Littafin da Na Zaɓar wa Habu

Daren Laraba, Janairu 1956

Barci ya ƙi zuwa. Ni na tarbi Habu, ɗan maƙwabcinmu na Fagge, ranar da ya shigo kwaleji. Ni na kai shi aka rubuta sunansa, na nuna masa ajinsu. Da za a raba littattafai, na raɗa masa ya ɗauki na Turancin nan mai yagaggen bango wanda na riƙe bara, domin duk kalma mai wuya na rubuta ma'anarta da ajami a ƙarƙashinta. Har cewa ya yi, "Yaya Sule, Allah ya bar zumunci."

Yau Baturen da ke koyar da su ya ga rubutun, ya tambayi wanda ya ɓata littafin makaranta. Da Habu ya ce haka ya same shi, da magana ta mutu. Sai ya kama sunana.

An tuɓe ni daga shugabancin ɗakin kwana a gaban kowa.

Bayan magariba ya zo, na zaci haƙuri zai ba ni. Ashe tambaya ce ta kawo shi, wai ko na yi wa littafin lissafi irin wannan rubutun.

Na yi. Amma wannan karon sai dai ya nemo shi da kansa.