Kunyar Ɗan Fari da Na Manta

Daura, daren Laraba.

Yau na tafka abin kunya a Zango. Ina hira da masu jego don bincikena kan ciwon damuwa bayan haihuwa, sai na zo kan Rabi, wadda ta zo wankan haihuwar fari gidan iyayenta. Ba ta kalli jaririn ba, ta ƙi faɗin sunansa, sai an miƙa mata shi take ba shi nono. Na juya na ce wa gwaggonta, "Gwaggo, a sa mata ido, ina ganin alamun damuwa."

Matar ta dafe ƙirji. "Malama, taɓin hankali kike nufi?" Ga maƙwabta zaune suna ji. Rabi ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Sai a mota na tuna ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" kawai take cewa, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarta ba. Ni da nake koya wa ɗalibai su san al'ada kafin su fassara alama!

Laccar da zan bayar gobe za ta jira. Da sassafe zan koma in ce na yi kuskure, a gaban waɗanda suka ji, kafin maganar ta isa gidan mijin Rabi.