Ɗiyata Ba Harararku Take Yi Ba

Zuwa ga Hedimastan makarantar firamaren unguwarmu, Ƙaura Namoda.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ne Garba direban motar Shinkafi, mahaifin Saratu 'yar aji uku. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum a ce ka fita, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na ɗaya: an haifi Saratu ƙasusuwan kanta sun riga sun haɗe, goshinta ya karkace, idonta na hagu ba ya juyawa. Likita a Zariya ya ce haka za ta rayu. In tana son ganin mutum sosai, sai ta karkata kai ta dube shi ta wutsiyar ido.

Na biyu: sabon malaminsu ya kira sunanta, ta dube shi yadda Allah ya hore mata, ya ce harara ce. Ya zane ta a gaban yara, ya kora ta bencin baya inda ko allo ba ta gani. Matambayi ba ya ɓata, amma shi bulala ya tambaya.

Na uku, wanda ya fi ƙona mini rai: ka aiko cewa in ba ta daina rashin kunya ba za a kore ta. Ta daina me? Halittarta? Ku ne fa kuka bi gida-gida da mai unguwa kuna roƙon a kawo 'ya'ya mata boko. Kakarta da ke garin Dauran ta ce a bar ta a ɗaki kada a yi mata dariya, na ƙi, saboda na yarda da ku.

Ina roƙo ka janye maganar kora, a mayar da ita gaban allo. Malamin kuma ya gaya mata da bakinsa, a gaban yaran da ya dake ta, cewa kallonta ba laifi ba ne. Ni na faɗa ba ta yarda ba. Tun ranar, in na dawo daga hanya, sai ta gaishe ni da tafin hannu a kan idonta, wai kada in ce ta harare ni.

Allah ya yi maka jagora, ya raya naka 'ya'yan da idonsu lafiya.

Wassalam,
Garba Direba