Tabarau Mai Koyar da Fiɗa

Agege, Legas,
12 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Yaya Zubair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan an yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibada, ya kawo maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina Safinatu ta tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, 'yarmu Badiyya kuma tana gida, an yi musu hutu.

Yaya, na daɗe ban rubuto maka ba, kuma ka san dalili. Tun ranar sunan ɗanka Mahbub, da ka ce a gaban jama'a wai na sha boko na ƙare a cikin mahauta, maganar ba ta bar raina ba. Karatun sarrafa fata na yi, kuma ba ni na rufe majemar da nake wa aiki ba. Na zo Legas neman fata mai kyau, na tarar nan babbake ta ake yi a ci a matsayin ganda. Fatar da za ta shiga tukunya ba wanda ya damu ko wuƙa ta huda ta, shi ya sa fiɗa ta lalace a mayankar nan ina ji ina gani. Yanzu ga saƙonka ya iso, wai in sa Mahbub ya tattara ya koma gida, don ka ji tun da aka hana acaba a nan Legas ya kama wuƙa, mu kuwa ba mu gaji fawa ba. Ka saurare ni tukuna.

Kafin azumi wata injiniya mai suna Balkissa, haifaffiyar Agege, Hausarta rabi Yarbanci, ta zo mana da wani tabarau. Masu yin takalma da jakunkuna ne suka turo ta, suna neman fata marar huji. Idan ka sa shi, saniyar da ke gabanka kake gani, amma a jikinta ga koren layi inda wuƙa za ta bi, ga wani hannu kamar inuwa yana tafe gaban naka. Ka karkata kaifi wajen fata, layin ya koma ja. Na ce mata na sha ganin irin waɗannan, a ɗauki hoto, a tafa, a kulle a ofis. Ta yi dariya, ta ce to Baba ya zo ya nuna musu inda suka yi shirme. Ƙarshenta hannuna suka zaɓa ya zama inuwar. Suka sa mini safar hannu mai wayoyi, na feɗe wani sa, na'ura tana ɗauka.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa wajen masu koyo, Mahbub yana cikinsu. Kowane ɗaya, da ya kai kwiɓi, sai ya kaɗa wuyan hannu ya ɗan tsaya, nan take fata ta huje. Sarkin fawa ya tambaya wa ya koya wa yaran nan rawa da wuƙa, ko kalangu za a kira musu. Balkissa ta yi ta binciken na'ura ba ta ga laifi ba. Sai na karɓi tabaran na sa. Yaya, hannuna na gani yana rawa. Na'ura ta ɗauke shi yadda yake, su kuma suka ɗauka wata dabara ce ta manya. Da na matsa wa Mahbub, ya sunkuyar da kai, ya ce ya lura tun ranar farko, amma ba zai iya buɗe baki ya ce hannun baffansa na rawa ba. Sauran ma haka. Sun gwammace su ɓata fata da su kunyata dattijo.

Aka goge hannuna, aka ɗauki na wani ƙwararren mahauci, Audi, ina tsaye a kansa ina gyara masa riƙo. Muryata suka bari a ciki, ita ke ce wa mai koyo ya ja fata da hagu, ya bar wuƙa ta kwanta. Shekaranjiya Mahbub ya feɗe bijimi tun daga wuya har wutsiya. Na ɗaga fatar a rana ina neman inda haske zai ɓullo, ban samu ba. Rabona da ganin irinta a mayankar nan har na manta. An ce waɗanda suka ƙware za a kai su koyon jima. Ban gama yarda da alkawarin kowa ba, ka san ni, amma abin da ya shiga hannun yaron nan ba mai ƙwace shi kamar babur. Ina roƙonka ka bar shi har bayan Babbar Sallah, lokacin da aiki ke yawa. Idan dangi suka ce ya zama mahauci, ka ce baffansa ne ya ɓata shi, na saba.

Ka gaida Inno, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida Iyatu da Furera da Kalsum da yaransu. Safinatu tana gaishe ku, Mahbub ma yana duƙawa.

Wassalam, ƙanenka,
Balarabe.

Kada ka yi mamakin rubutun. Ni nake faɗa, Badiyya tana rubutawa. Likita ya ce rawar ba za ta daina ba. Hannuna na dama ba ya riƙe biro yanzu, ba ya riƙe wuƙa.